Mama, Kar Ki Kashe Injin Ɗumama Gida

Doha, 9 ga Janairu

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya sanyin Winnipeg, yaya gwiwa? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi.

Ƙanwata Lorna ta ce fankar injin ɗumama gida ta ƙi tsayawa, har kin ce, "Ko ta yi shiru ko in kashe shegen injin!" Don Allah kar ki kashe. Bututun ruwa zai daskare, ke ma haka.

Na duba littafin da nake rubuta gyare-gyaren gida sau uku. Ina jin ni na tura maɓallin fankar da ke jikin bango zuwa dama da na zo gida a Yuli don iska ta zaga. Ki mayar da shi hagu. In fankar ba ta tsaya ba, ki kira Pawluk maƙwabci. In ta tsaya, ki zage ni son ranki, amma cikin ɗumi.

Allah ya tsare.

Ɗanki,
Darrell