Abin da Aka Gano a Ƙirjin Akawal

Zuwa ga Yaya Mamudu, a Jamus.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, na rubuto maka a nan inda kowa zai karanta ne saboda saƙona uku ka buɗe, ba ka amsa ko ɗaya ba.

Sakamakon Akawal ya fito. Dokin da ka bar mini amana shekara bakwai da suka wuce yana da asma, wato fuka. Ba a ɗaukarta, don haka maƙwabtanmu na Zangon Lome da suka daina bi ta ƙofarmu suna iya dawowa.

Ka tuna ranar tafiyarka. Ka tsaya a bakin barga da jaka a kafaɗa, ka ce, "Dokin arewa ne, Isuhu. Iskar teku ke kashe su. Ka rufe shi, kuma kada ya ɗanɗana ciyawar kudu." Na rubuta maganar a shafin farko na littafina. Na toshe taga da kwanon rufi. Harawa kuwa direbobin albasa nake roƙa su kawo mini daga arewa, in jibge ta a kusurwar bargar, ta yi watanni tana shan damshin Lome.

Da tari ya fara, na ƙara labulen buhu a ƙofa. Da ya tsananta, na yi masa hayaƙi kamar yadda ka umarta a waya. Bana sai ga shi yana numfashi da ciki, hancinsa a buɗe, alhali a tsaye yake bai yi gudun komai ba.

Likitar dabbobi na ɗauko daga unguwar Agbalépédo. Ta yi masa allura, kansa ya sunkuya, ni ina riƙe da ragama. Ta zura wani siririn bututu mai kyamara ta hancinsa har ƙirji. Yaya, na ga cikin dokinka a allo, majina ta kwanta kamar koko. Ta tsinko 'yan ƙananan nama daga bangon hanyar iska, kowanne bai fi ƙwayar gero ba, ta saka a kwalba, ta aika waje a gwada. Mako uku muna jira.

Takardar ta ce bangon ya yi kauri, hanyar ta matse, kuma an daɗe ana hakan. Likitar ba ta tsawaita bayani ba. Buhun harawa ɗaya ta jawo waje, ta kwance, ta kaɗa shi a rana. Ƙura ta tashi, warin funfuna ya bugi hancina. Abin da yake shaƙa ke nan safe da yamma, a ɗakin da na toshe da hannuna. Ta ce zai samu sauƙi idan ya bar wurin, amma kaurin ba zai koma duka ba.

Na dawo na zauna da littattafaina bakwai. Ka san ni, ko tarinsa na safe ina ƙirgawa in rubuta. Duk ranar da na saci jiki na kai shi bakin teku, washegari akwai layi guda: "Yau bai yi tari ba." Makonni biyun da harawa ta yanke na ba shi ɗanyar ciyawa a ɓoye, haka na rubuta kullum. A ƙarƙashi kuma, da rubutuna, "Ƙila ni ne ban saurara da kyau ba."

Sau ɗaya na faɗa maka. Ka yi dariya, ka ce, "Kai da ka iya awon atamfa a kasuwar Adawlato, yaushe ka san doki?" Na yi shiru, na koma na ƙara wa tagar ƙusa. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora maka shi ba.

Amma saƙonka na ƙarshe ya tsaya mini a wuya: "Me ka yi wa dokina?" Abin da ka ce in yi, Yaya. Ban tsallake ko ɗaya ba, in ban da 'yan ranakun nan da ya huta da tari.

Na san ba mugunta ka nufa ba. A bakin Baba ka ji, Allah ya jiƙansa, shi ma a wajen manyansa. Kuma har yau in na kunna muryarka a waya, Akawal yakan ɗaga kunnuwa ya juya yana nemanka. Ni ma wani lokacin ba don shi nake kunnawa ba.

Ranar Asabar zan kai shi gonar wani abokina a bayan gari, inda babu rufi, sai inuwar bishiya da ɗanyar ciyawar kudu. Ba zai sake sukuwa ba, amma zai ja iska ba tare da haƙarƙarinsa ya fito ba. Wannan karon ban nemi izininka ba, sanar da kai nake yi.

Allah ya buɗe masa ƙirji. Allah ya yafe mini shekarun da na gani na ƙi yarda da idona, ya yafe maka, ya dawo mana da kai ka same shi da rai.

Ƙaninka,
Isuhu