Kalwar Gwaggo Hamsatu

Kano, 9 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Gwaggo Hamsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya mutanen gida? Tunda kin ce a waya ba na barin mutum ya kai aya, ga shi na rubuto, Munir direba zai miƙo miki.

Gwaggo, ranar Asabar na shiga kasuwa a nan Kano na ga daddawarki a gaban wani mai kayan miya. Da ƙamshi na gane ta. Na tambaye shi ta wace ce, ya ce ta Alhaji Gana ce. Wallahi sai da raina ya ɓaci. Ke ce a bakin wuta, ke ce a turmi, ke ce a shanya, shi kuwa ya zo da akwalar motarsa duk Talata ya kwashe, har sunan ma ya zama nasa. Wannan dillalin me yake ƙarawa a ciki ban da tumbinsa?

Zamani ya wuce nan. Na buɗe shago a wata manhaja ta saye da sayarwa. Shagon ba shi da ƙofa, ba a biyan haya, a cikin waya yake. Mace tana Abuja ko Legas za ta ga hoton daddawarki ta danna, masu manhajar su aiko a ɗauka a kai mata har gida. Daga hannunki sai tukunyarta, babu kowa a tsakani. Kuma da sunanki za a sayar: Daddawar Gwaggo Hamsatu ta Makoda.

Ki ba Munir kwando ɗaya kawai in gwada. A gaida kowa da kowa.

Ɗanki,
Zaharaddini

Makoda, 14 ga Satumba, 2023

Zaharaddini,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, gida lafiya, gyaɗa ta yi kyau bana. Na karanta takardarka sau biyu, don da farko na zaci idona ne ya fara lalacewa.

To sannu, mai shago! Shekara huɗu a jami'a, abin da aka koyo ke nan, shago ba ƙofa. Ka ce babu kowa a tsakani. Kai fa, a ina kake tsaye? Masu manhajar fa? Mai ɗauka ya kai fa? Mai buga sunana a leda fa? Ka cire mini mutum ɗaya da na san gidansa, ka jero mini huɗu da ban san ko suna salla ba.

Kuma ka iya bakinka a kan Alhaji Gana. Shekara ashirin da shida yana zuwa daga Gezawa, Talata ba ta taɓa wucewa ban ji motarsa a ƙofar gida ba, ko ana ruwa. Wadda ta yi kyau ya ɗauka, wadda ta farfashe ya ɗauka. Don na san zai zo shi ya sa nake iya kama kalwa tun tana sama. Kai ba ka san wannan ba, ka bar gida kana ɗan mitsitsi. Da zarar ɗorawa ta yi fure nake ɗaukar mayafina in zaga gidaje goma sha bakwai. Kowace mace in ce mata kalwarki ta bana tawa ce, ta ce Allah ya kai mu. Shi ke nan, ba takarda, ba shaida, kuma ba wadda ta taɓa saɓa mini. In babu matan nan babu ni. Dafawa kam kowace ballagaza ta iya.

Duk da haka ga kwando ɗaya nan, don kada ka ce ƙanwar ubanka ta tare maka arziki. Ka bar ta ta sha iska, kada ka tura ta a leda da danshinta. In ta ƙi sayuwa ka yi miya da ita, na ji an ce ka rame.

Allah ya shirya mana ku.
Hamsatu

Kano, 20 ga Nuwamba, 2023

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan an kammala girbi lafiya.

Kin ga abin da nake gaya miki? Kwando na shida ke nan, kowanne kwana biyu ya ƙare. Duk wanda ya saya yana ba da maki da taurari, biyar ce ƙarshe, kuma ba a taɓa ba mu ƙasa da biyar ba. Wata mata a Legas ta rubuto cewa da ta buɗe ledar sai ta zauna ta yi kuka, wai ƙamshin miyar mahaifiyarta ta ji. Shekara ashirin da shida, Gana ya taɓa kawo miki magana irin wannan?

Yanzu ga babban labari. Masu manhajar sun kira ni ofishinsu. Suna so su sa mu a shafin farko, inda kowa zai gan mu da ya buɗe waya. Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, kaya kada su yanke, duk wanda ya yi oda ya samu. Wato kwando-kwandon nan ba zai yi ba, sai dai duk abin da kike yi ya zo nan. Ki sallami tsohon nan, Gwaggo, ya ci rabonsa. Na biyu, suna tantance kayan asali, don masu ha'inci sun yi yawa. Za su turo a ɗauki bidiyon yadda kike aiki, kuma akwai fom da za a cike da sunayen masu ba ki kalwa da lambobin wayarsu ko na mazajensu. Ƙa'ida ce kawai, ba wanda zai ma duba.

Na san za ki yi faɗa, ki yi, amma ki aiko da sunayen.

Ɗanki,
Zaharaddini

Makoda, 12 ga Disamba, 2023

Zaharaddini,

Muna amsawa. Mutanenka sun zo sun tafi, kuma ban taɓa ganin marasa ta-ido irinsu ba. Wata yarinya wai ita Zakiyya ce shugabarsu. Na yi wanka na ɗaura sabuwar atamfata, ta dube ni ta ce in koma in sa tsohon zane, wai ya fi kama da ƙauye. Na fito da robar da nake wanki a ciki, ta ce a'a, a nemo ƙwarya, in da fasasshiya ma ta fi. Ikon Allah! Shekara talatin ina fama in rabu da fasasshiyar ƙwarya, yau ita ce ado. Ta yi ta tambaya kamar 'yar sanda: yaya ake surfe, kwana nawa ake rufewa, da wane ganye, ta yaya nake sanin ta yi. Na gaya mata duka, don in ga ƙarshen surutunta.

Maganar matar Legas ɗin nan da ka rubuto kuwa, na karanta wa mutanen gida. Sau uku suka sa na maimaita. Ba wai ta dame ni ba ne, amma dai mace ce mai hankali.

Alhaji Gana ya zo Talata. Na sa aka yi masa shimfiɗa a zaure na fito da kaina na gaya masa. Ya ce, "Hajiya, wani laifi na yi?" Na ce babu, zamani ne ya zo. Ya ce, "Wanda zai saya a hannun yaron, kin san shi?" Na ce har Legas an san ni. Sai ya ce Allah ya sa haka shi ne alheri, ya tashi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ka ji fa, har da fushi! Mutum ya sayar da guminka da sunansa shekara da shekaru, sannan shi ne da kumbure-kumbure. Ban ji daɗi ba a ranar, ba zan ɓoye maka ba, amma ya je can ya ƙarata.

Ga sunayen nan goma sha bakwai da lambobinsu a bayan takarda, Rahmatu ta gidan Liman ce ta farko, bishiyoyinsu sun fi na kowa. Saura ka ɓatar.

Ka ci abinci.
Hamsatu

Makoda, 18 ga Maris, 2024

Zaharaddini,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Na kira ka sau biyar ba ka ɗauka ba, kai da ba ka rabuwa da waya ko a banɗaki.

Ɗorawa ta yi fure, na ɗauki mayafina kamar kullum. Na fara da Rahmatu. Na ce kalwarki ta bana tawa ce, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Ta ce, "Yaya Hamsatu, ki yi haƙuri, an riga ki." Na ce wa? Ta ce wasu mutanen Kano ne suka kira maigidanta a waya tun watan jiya, suka ambaci sunanta, suka ce za su zo da mota da sikeli su saye duka da tsada, har sun aiko da buhuna masu tambari. Na ga buhunan da idona a ɗakinta. Tambarin da ke jikin rigar Zakiyya ne.

Na shiga gida na biyu, haka. Na uku, haka. Gidaje goma sha bakwai na taka da wannan ƙafar tawa, ba wanda suka tsallake, kuma ba su shiga ko gida ɗaya da ba ya cikin takardata ba. Wata ma cewa ta yi ta zaci ni na turo su, tunda sun ce daga wajen Gwaggo Hamsatu suka samu lambar. Ban ga laifin matan ba. Kowacce da bakunan da take ciyarwa, kuma ni da ke musu alkawari saboda Talata, sun ga motar Talata ta daina zuwa.

Na danne zuciyata na hau motar Gezawa. Alhaji Gana ya karɓe ni da mutunci, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ce tun Janairu ya ƙulla cinikin daddawa da wata mata a Bagwai, ya ba ta kalmarsa, ba zai warware ba. Ya ce ko da zai karɓa, me zan dafa?

To, mai ilimi, kai da ka ce ba wanda zai duba fom, ga shi an duba. Kalwar bara da ta rage mini ba za ta kai babbar salla ba. Ka amsa mini da alƙalami, kada ka turo mini Munir da saƙon baki.

Hamsatu

Kano, 6 ga Afrilu, 2024

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Kunya ce ta hana ni ɗaukar waya.

Gaskiyar magana, masu manhajar suna ganin duk abin da ake saye a cikinta: me ya fi tafiya, wa ke saye, a wane gari. Da suka ga daddawa tana tafiya, sai suka buɗe wajen yin tasu a nan Kano, da injina. Yanzu in mutum ya rubuta daddawa, tasu ce ke fitowa a sama, tamu sai an yi ta ja ƙasa kafin a gan ta. Na je na yi musu magana, suka nuna mini inda na sa hannu cewa duk bayanin da na ba su da bidiyon nasu ne. Shafi goma sha ɗaya ne, Gwaggo, ban karanta duka ba. Manajan har da dafa mini kafaɗa, wai in daina kallon abin da zuciya, ni ɗan tsakani ne kawai, kuma tsarinsu ba ya son ɗan tsakani.

Amma abin bai lalace duka ba. Sun ce tunda ni ɗan gari ne, za su ɗauke ni wakilin sayen kalwa na Makoda da kewaye, da albashi. Shekara biyu ina neman aiki, kin sani. Na karɓa. In ban karɓa ba wani za su ba, kalwar dai ta tafi ta tafi.

Alfarma ɗaya nake nema. Ana bukatar wajen ajiye sikeli, kuma matan sun saba da gidanmu. In kin yarda zan kafa shi a zaure duk Laraba, daga farkon watan gobe. A hankali zan yi miki hanya a wajensu, wataƙila su ɗauke ki mai duba musu inganci.

Ki yafe mini.
Ɗanki, Zaharaddini

Makoda, 28 ga Afrilu, 2024

Malam Wakili,

Salamu alaikum. Zaure na kakanka ne, ba ni da ikon hana ka. An share.

Aikin duba inganci ka riƙe abinka, ban iya ɗanɗana wa inji miya ba.

Ranar Alhamis na sauke tukunyar ƙarshe. A gonar da na gada akwai ɗorawa uku, an kaɗe su jiya. Abin da suka bayar ba zai cika tukunya ɗaya ba, bai kai a hura masa wuta ba. Zan fito da shi ranar Laraba in bi layi a bayan Rahmatu.

In layi ya zo kaina kada ka miƙe, kada ka durƙusa, kada ka ce mini Gwaggo a gaban matan nan. Ka auna, ka ba ni abin da kamfani ya ce, ka kira ta gaba.

Wassalam.
Hamsatu, mai sayar da kalwa