Shekarar da Samari Suka Yi Daka a Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga Yayana, marigayi Malam Isyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa cikin ladabi irin wadda ƙanwa take yi wa babban wanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Asabe ce. Jiya mijin 'yata yana kallon tseren kwale-kwale a talabijin, sai na ji ya ce wannan ba wasan mutanenmu ba ne. Raina ya ɓaci, amma kunyar suruki ta hana ni tanka masa. Shi ya sa na kawo maganar gabanka, ko shi da ire-irensa sa karanta.

Ka bar Kazaure shekarar da aka samu 'yancin kai, ko iyo ba ka iya ba, ka shiga sojan ruwa a Legas. A can suka ga tsawonka da faɗin kafaɗarka, suka zaunar da kai cikin wani siririn jirgi mai cin mutum huɗu. Kafin mu farga sai ga hotonka a jarida, kana riƙe da kofi, wai kun kayar da jiragen wasu ƙasashe. Malamin makarantar unguwarmu ne ya kawo jaridar, ya karanta mana ita a zaure. Ni dai ranar ban ci tuwo ba don murna.

Inna kuwa ba kofin ne ya dame ta ba. Da ka zo hutu ka yi mata bayanin yadda kuke zama, sai ta ce, “Wace irin sana'a ce mutum zai juya wa inda za shi baya?” Duk zuwanka maganarta ɗaya ce, yaushe za ka dawo gida.

Lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, aka turo jirage biyu dam ɗin Kazaure, aka turo ka ka horar da matuƙa. Sharaɗi ɗaya aka gindaya maka: in ba ka fitar da samarin da za su taɓuka abin kirki a gasar bayan kaka ba, za a kwashe jiragen, kai ma ka koma bariki. Inna ta riga ta tsufa, idonta ya yi rauni. Kowa a gidan ya san in ka sake tafiya, da wuya ta ƙara ganinka.

Ka zagaya Roni da Gwiwa da Babura a kan keke, ka zaɓo manoma huɗu majiya ƙarfi. Ƙarfi kam akwai shi, amma kowa tuƙinsa daban. Wannan ya tsoma filafili, wancan bai ɗaga nasa ba, jirgi sai juyi yake kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Kullum kana dawowa jiƙe, fuska ba walwala.

Wata safiya kana zaune muna surfe ni da maƙwabtanmu, ka kasa kunne kana sauraren taɓarya. Washegari ka aro turame huɗu, ka jera su a ƙofar gida, ka tsayar da samarinka kowa yana kallon bayan ɗan'uwansa. Dokar ita ce taɓare huɗu su sauka a ji ƙara ɗaya. Har yau ina jin muryarka: “In na ji biyu, a sake.”

Gari ya samu abin dariya. Aka raɗa musu suna 'yan matan Isyaku. Matan unguwa kuwa suka ga banza ta faɗi, kowa ta turo geronta. Ni ma ban yi ƙasa a gwiwa ba, shekarar hannuna ya huta har kantar daka ta bar tafina.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da mahaifin Garba, ɗan Ronin nan da ka fi ji da shi, ya zo tafiya da ɗansa. Ya ce bai haifi namiji don ya yi wa mata daka ba. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka shiga ɗaki ka sako kakinka da lambobin da ka ciwo a Legas. Sannan ka fito ka karɓi taɓarya, ka tsaya a turmin gaba, kuka ci gaba da daka a gaban jama'a. Dattijon ya daɗe yana kallo, daga ƙarshe ya hau jakinsa ya koma shi kaɗai. Ina leƙe ta zaure ina hawaye, ban taɓa alfahari da kai kamar ranar ba.

Bayan kaka kuka tafi Kudu a motar gwamnati. A rediyo muka ji sakamakon: jirginmu ya zo na biyu, a gaban mutanen da aka haifa a bakin kogi. Inna ta sa na maimaita mata, sannan ta tambaya ko na biyu ya isa a bar mata kai.

Ya isa, Yaya. Jiragen suka zauna, kai ma ka zauna, ka horar da samari rukuni bayan rukuni har gemunka ya yi fari. Damina biyu bayan wannan gasa Inna ta kwanta ciwon ajali. Kai kake ɗaga ta, kai kake ba ta kunu a baki, a cinyarka ta cika, kuma kai ka shiga kabari ka karɓe ta.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Inna, Ya haɗa ku a Aljanna inda babu sauran rabuwa. Allah Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Ƙanwarka mai kewarka,
Asabe