Ruwan Kokwambar Inna

Mokpo, tsakiyar damina

Yaya Bunhi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da keken ɗinkinki.

Ranar da muka cika shekara da aure gidana ya canza, kuma har yau ban san yadda zan mayar da shi yadda yake ba.

Ranar tun safe ake zabga ruwa. Ina kwance ina karanta wani ɗan littafi da na karɓo haya. A ciki wata mata a otal, can Seoul, ta haɗa wa saurayinta giya da ruwan zaitun mai gishiri. Ya kurɓa, ya ɗago ya dube ta kamar ranar ya fara ganinta. Yaya, sai na ji ni ma ina son a yi min irin kallon nan. Maigidana Dalsu mutumin kirki ne, amma in ya dawo daga waldar jiragen ruwa, kwanon shinkafa kawai yake yi wa kallon ƙauna.

Zaitun ko a ido ban taɓa gani ba. Amma akwai tulun kokwambar da Inna, surukata, ta jiƙa a ruwan gishiri ta aiko mana daga Haenam. Na ɗaga dutsen da ta danne su da shi, na ɗebi ruwan da ludayi. Na sayo kwalbar giyar soju a shagon kan kwana. Na zuba giyar a kofin gilashi, na bi ta da ruwan kokwambar da ƙanƙara, na jefa siririn yankan kokwamba da ɗanyen barkono, na barbaɗa soyayyen riɗi. Na ɗanɗana. Gishiri, tsami, sanyi, can a maƙoshi kuma ɗan yaji.

Kin san Dalsu ba ya sha. Ko a wurin aiki in babbansu ya miƙo kwalba sai ya ce ciki ke damunsa, har suna kiransa Ɗan Zuhudu. Ni na ɗauka kunya ce kawai.

Da ya ga kofin ya ce, "Sarauniyar littattafai, yau kuma wane shafi muke?"

Na ce, "Shafin da miji ba ya musu da matarsa."

Ya daɗe bai taɓa ba. Sai ya sunsuna, ya ce, "Wannan ai ƙamshin gidanmu ne." Ya karɓa da hannu biyu ya shanye. Kuma ya yi min kallon, Yaya. Sak irin na littafin.

Washegari da kansa ya ajiye kofin kusa da abinci. Yanzu kullum ne, kuma ɗaya ba ya isarsa. Abu guda ya rage min: ba ya zuba wa kansa. Haka aka raine shi, mutum ba ya cika kofinsa da hannunsa. Sai ya miƙo min ya jira, ni kuma in zuba.

Yaya zan yi?

Ki shafa min kan yara.
Ƙanwarki, Okran

Daejeon

Okran,

Muna lafiya, keken ne kawai yake tari.

Sannu, gwana! Wato a duk faɗin Mokpo an sami namiji ɗaya da ba ya sha, ya faɗo hannunki, ke kuma kika ga bai kammalu ba sai kin gyara shi. Tun ranar da kika ƙona tukunyar Umma kina kuka kan mutuwar wani yariman takarda na san littafi zai ja miki.

Yanzu saurara, don ni na san wannan karatun, kuma ba a shagon haya na koya ba. Baban yarana sau nawa na kwaso shi a bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya? Kada ki kuskura ki daina zuba masa. In kika janye hannunki, hannuwa sun cika gari, kuma na waje ba sa aunawa. Ki riƙe kwalbar. Ki rage giyar kaɗan-kaɗan, ki ƙara ruwan kokwambar. Maza ba sa gane komai in dai akwai ƙanƙara.

In abin ya gagara, ki hau jirgin ƙasa ki taho. Akwai wurin shimfiɗa kusa da keke, kuma ina neman mai ɗinka min maɓalli.

Ki ci abinci, na san halinki.
Yayarki

Mokpo, shigowar kaka

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma gode miki, har da zagin.

Na yi yadda kika ce. Ya gane tun a kurɓar farko. Ya ce, "Yau kuma teku kika ɗebo min?" Amma ya shanye, ya miƙo kofin, don gishirin ƙishirwa yake ƙara masa. Da safe fuskarsa takan kumbura har idanunsa su ƙanƙance. Likitan wurin aikinsu ya ce jininsa ya hau, ya nisanci gishiri. To kin gani. In na ƙara ruwan, ina cutar da shi. In na rage, giyar ce ke ƙaruwa.

Ranar nan na ce masa kwalba ta ƙare. Bai yi faɗa ba, bai taɓa yi min faɗa ba. Ya sa takalminsa ya nufi rumfunan bakin tashar jirgi. Abokan aikinsa ne suka dawo da shi a rirriƙe, ɗayansu yana dariya yana cewa, "Matar yaya, ashe Ɗan Zuhudun namu kifi ne!" Washegari na zuba masa da kaina. Mutumin da ke hawa saman jirgi da wutar walda, Yaya.

Ruwan tulun ya yi ƙasa. Kokwambar da ke sama ta fito fili, ta yi laushi, ta yi farar fumfuna. A haka Inna ta same shi da ta biyo ta nan bayan ta je asibitin ido. Ta ɗaga dutsen, ta leƙa, ta mayar. Ta ci loma biyu ta ce kada motar ƙauye ta bar ta.

Na koma littattafaina ina nema. Duk a kan kallon nan suke ƙarewa. Ba wanda ya faɗi abin da matar ta yi washegari.

Ƙanwarki, Okran

Haenam, bayan an yanke shinkafa

Zuwa ga 'yata Okran,

Bayan gaisuwa, da fatan sanyin da ya fara shigowa ya same ku lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, idon bai gama warkewa ba.

'Yata, a gidan da ake cin kokwamba, kokwamba ke ƙarewa ruwa ya saura. Gida ɗaya na sani da ruwa ke riga ƙarewa, shi ne nawa.

An gaya miki ciwon ciki ne ya kashe baban Dalsu. Hanta ce. Da yamma giya, da safe ya sirka ruwan tulun nan ya sha don kansa ya daina sarawa. Dalsu ya tashi yana jin ƙamshin biyun tare a bakin ubansa. A kan kabarinsa ya yi min alkawarin ba zai taɓa shan giya ba, yana ɗan makaranta. Na hana a gaya miki don kada danginki su ce jinin mashaya ne su fasa auren. Da kin sani, na san ba za ki haɗa ba.

Ni ce na riƙa zuba wa ubansa har ya kwanta. Na ce gara a gabana da a rumfa, gara hannuna da na wasu. Bai taɓa kwana a titi ba, gaskiya ne. A ɗakina ya mutu, cikinsa kamar tulu. Har yau in ina tsugune a gona nakan tambayi kaina ko tsare shi na yi ko raka shi, ban sami amsa ba. Saboda haka ba ni da umarnin da zan ba ki.

Baɗi ba zan aiko da kokwamba ba. Iyakar abin da ke hannuna ke nan.

Ki sa rigar sanyi. Ki gaishe min da ɗana, kada ki ce na rubuto.
Innarku

Mokpo

Yaya,

Gaisuwa. Ga wasiƙar Inna nan na haɗo miki, ki karanta ki adana min.

Jiya na kwashe kokwambar da ta lalace, na tuttular da sauran ruwan a magudana, na wanke tulun na kife shi a rana. Da Dalsu ya dawo ya zauna cin abinci, ya miƙo kofin da hannu biyu kamar kullum. Kwalbar tana nan a tsakaninmu, ban ɓoye ba. Na sa hannuwana ƙarƙashin cinyata na danne.

Ya ce, "Sarauniya, wane shafi ne wannan?"

Na ce, "Ban sani ba, Maigida. Ban taɓa karanta shi ba."

Miya ta huce, kofin yana hannunsa. Ya dubi kwalbar, ya dube ni, bai taɓa ta ba. Can ya ajiye kofin a hankali, ya je bakin ƙofa ya zauna kusa da takalminsa. Ya daɗe a wurin. Daga baya ya sa su ya fita.

Na san kin ce kada in yi, kuma wataƙila ke ce da gaskiya. Ki nemi wata mai ɗinka maɓallin, ba zan taho ba. Ina nan, zan dafa masa abinci, zan buɗe masa ƙofa duk lokacin da ya dawo. Amma ba zan ƙara zuba masa ba.

Ƙanwarki, Okran