Zubi na Huɗu

Nanping, farkon sanyi

Zuwa ga Kakana,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan gwiwarka ta yi sauƙi, kuma ruwan sama bai jiƙa itacen ɗakin da kake busar da ganyen shayi da hayaƙi ba. Ni ina lafiya, karatu ma lafiya.

Kaka, ƙunshin da ka aiko makaranta ya iso. Sunan ƙawata Yifei ne a kai. Na juya shi gaba da baya, ban ga nawa ba. 'Yan kwanaki kawai ta yi a gidanmu da hutu, ni ma na kawo ta, amma yanzu kowa a ɗakin kwananmu ya san "Kaka Jiang" ya aiko mata da shayi. Haka take kiranka, kamar ita ma a garinmu Tongmu aka haife ta.

'Yan ɗakin nan da suka laƙaba mini Kifin Banda saboda hayaƙin da ke gashina, yau su ne ke layi suna shinshina gwangwanin shayin Yifei, wai ƙamshi.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma da ta kwance takardar da ke ƙasan ƙunshin, sai ga finjalina, mai tsaga a baki, wanda ke zaune kusa da butarka tun kaina bai kai tebur ba. Ta ce, "Tsohon nan akwai kirki," ta zuba 'yan kunnenta a ciki. Ban gaya mata nawa ba ne.

Kaka, kuskure ne ko kyauta?

Jikarka mai biyayya,
Ruolan

*

Tongmu

Ruolan, 'yar rigima,

Gwiwa tana nan, ta ƙi warkewa ta ƙi barina. Wasiƙarki ta fi murhuna hayaƙi, sai da na buɗe taga.

Ƙawarki ta roƙi shayi, na ba ta. Ke kuwa da hutu cewa kika yi kada a sa miki ko ganye ɗaya a jaka, har kika kai kayanki bakin rafi kika shanya don kada su ɗauki wari. To me zan aiko miki? Iska?

Finjali naki ne. Na ga yadda yarinyar nan take sha. Idan aka bar ta ita kaɗai, za ta jiƙa ganyen a ƙaton kofi har ya yi baƙi, ta kurɓa ta ce shayin Jiang toka ne. Ni ba na aika shayi inda babu mai zubawa. Ganye nata, hannu naki. Ki samo ruwa mai kyau, kada ki bar shi ya daɗe a buta, ki zuba mata yadda kika saba gani.

Inda finjalin yake zama ya bar zobe a katakon tebur. Ban ɗora komai a wurin ba.

Ki ci abinci sosai, ki rage fushi.

Kakanki

*

Nanping

Kakana,

Ina gaisuwa da ladabi. Na karɓi finjalina. Na daɗe ina haɗa maganar a baki, da na faɗa wa Yifei sai ta yi dariya ta ce, "To ki riƙa magana mana, Kifin Banda. Mutum zai karanta goshinki ne?"

Ranar Lahadi na zuba wa 'yan ɗakinmu shayin. Na zubar da ruwan farko, suka yi ta cewa asara. Na biyu hayaƙi ne zalla, na uku ya fara laushi. Gashina ya sake ɗaukar warin gida, ban kuma wanke ba.

Yifei ta ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu don godiya, har da karkata kai irin naka. Wannan ban so ba. Ta ce za ta zo tsinkar ganye da bazara. Idan ta zo, a ba ta finjalin baƙi.

Zubi na huɗu, wanda zaƙi irin na busassun 'ya'yan itacen longan yake fitowa a maƙoshi, ban gaya mata akwai shi ba. Na ce ganye ya gaji. Da suka fita, ni na sha, a finjalina.

A kula da gwiwa.

Jikarka,
Ruolan