Ruwan Da Bai Kwana Ba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau dai Madam Cecilia, shugabar makarantarmu, ta ba ni makullin tsohon ɗakin ajiya. Shekara uku ina bin ta a kan maganar nan. Ta ce, "Malam Mansir, zango ɗaya na ba ka. In ya zama wasan ruwa, zan mayar da bencinana ciki." Akwatin gilashi ɗaya babba, baho uku, duro ɗaya. Na rubuta ƊAKIN KIFI a jikin ƙofa da alli, bai yi min ba, na goge na sake.

Shekara huɗu na yi ina karatun kifi, na ƙare ina zana karfasa a allo ga yaran da ba su san ta ba sai a soye. Yanzu za su taɓa ta da rai. Ina murna, ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Na koya wa 'yan aji biyar dokar farko. Ruwan famfo akwai magani a ciki, na kashe ƙwayar cuta. Mu ba ya yi mana komai, amma kifi ƙone masa wurin numfashi yake yi. Sai an tara shi a duro a buɗe ya kwana biyu, warin ya fita, sannan a zuba wa kifi. Na sa sun maimaita sau biyar, "Ruwa sai ya kwana." Har Madam ta leƙo ta taga, ta ɗauka waƙa muke koyo.

Asabar, 11 ga Mayu

Na tafi madatsar ruwa ta Gubi a keke mai ƙafa uku na haya, da bokiti biyu. Hamma, masuncin da na sani tun ina ɗalibi, ya tara min ƙananan karfasa goma sha biyu, kurungu biyu, kaguwa ɗaya mai faɗan tsiya, da dodon koɗi cikin gwangwani. Ya ce bai taɓa jin wanda ya ɗauki kifi ya kai shi makaranta ba, in sun gama a nemo musu aikin gwamnati. A hanyar dawowa mai keke bai bar rami ko ɗaya ba, wandona ya jiƙe har gwiwa.

Litinin, 13 ga Mayu

Darasi na farko a ɗakin kifi. Yara arba'in da uku, na shigar da su goma-goma. Mazan da suka fi kowa cika baki su ne suka ƙi taɓa kaguwa. Wadda ta fara sa hannu Zinariya ce, yarinyar da ke zama a bencin ƙarshe, wadda tun farkon shekara ban ji muryarta sau uku ba. Ta ɗora dodon koɗi a tafin hannu, ta tsaya cik har ya fito da ƙahonsa.

Ta tambaye ni ko kifi na barci, tunda ba ya rufe ido. Ta tambaye ni ko ruwan Gubi yana zuwa teku, kuma in ya je, kifinmu zai iya zama a can? Na amsa mata daga littafi. Sai ta ce, "Malam, ka taɓa ganin tekun?" Na ce ban taɓa ba. Ta ce, "Ayya," kamar na gaya mata rasuwa.

Laraba, 15 ga Mayu

Famfo ya ɗauke tun Asabar, duk unguwar Ɗan Iya ruwan jarka ake bi. Duro ya kai gindi. Ruwan akwatin ya fara yin kore, ga ɗan ƙarni.

Alhamis, 16 ga Mayu

Zinariya ta zo da lalle har wuyan hannu, ana bikin yayarta. Da safe na bar ta ta ciro dodon koɗin da ya maƙale a bayan dutse. Da rana Madam ta aiko cewa gobe kwamitin iyaye za su zo ganin ɗakin. Ana tashi sai ga ruwan famfo ya dawo, da ƙarfinsa. Na dubi koren akwatin, na dubi tiyo. Na ce sau ɗaya dai ba ya komai. Na kwashe fiye da rabi, na cika daga famfo kai tsaye. Gilashi ya yi tas, sai ƙyalli.

Juma'a, 17 ga Mayu

Karfasa tara sun mutu. Na tarar da su a sama, fararen ciki a waje, baki a buɗe.

Kafin na kwashe su yara sun cika ƙofa, ga Madam, ga iyaye biyu sun iso da wuri. Wani yaro daga can baya ya ce, "Lallen Zinariya ne, jiya ta sa hannu." Madam ta juyo ta ce, "Malam, lalle na iya yin haka?"

Na ce, "Ba mamaki."

Haka na ce. Ban ce e ba, na yi ta gaya wa kaina har na isa gida. Amma kowa a wurin e ya ji, kuma ni na san abin da nake so su ji.

Litinin, 20 ga Mayu

Sabuwar doka daga ofis: mai lalle ba ta shiga ɗakin kifi. Zinariya kuma ba ta shiga har ƙarshen zango. Yara sun laƙaba mata suna, Ajalin Karfasa.

Laraba, 22 ga Mayu

Da nake karɓar littattafan aiki na ga hannunta. Ta goge shi da lemon tsami da dutsen wanke ƙafa, bayan yatsun ya saluɓe, ya yi ja. Lallen kuma yana nan, lalle ai sai ya ga dama yake fita. Na ce mata ta daina. Ta ce, "To, Malam." Ba ta ɗago ba.

Lokacin darasi tana zaune a waje a gindin taga, tana jin duk abin da nake faɗa. Na kai kan maganar ruwa, yara suka ɗauka da kansu, "Ruwa sai ya kwana." Sai na ce a wuce wannan.

Alhamis, 23 ga Mayu

In na faɗa, Madam za ta karɓi makulli, kuma da gaskiyarta. Yara arba'in da biyu su rasa ɗakin saboda yarinya ɗaya. Lissafin da nake yi ke nan tun safe, kuma yana fita daidai kowane lokaci. Abin da ya hana ni sakewa shi ne, ko sau ɗaya ban sa sunana a cikin waɗanda za su yi asara ba, alhali don shi nake lissafin. Kunya nake ji. Mutumin da ya yi shekara uku yana cewa shi ne ya san kifi a makarantar nan.

Asabar, 25 ga Mayu

Na koma Gubi neman wasu karfasa. Hamma ya tambayi 'yan makarantarsa, wato kifayen, na ba shi labari yadda ake ba da shi a makaranta. Dariya ya yi har da riƙe gefen kwalekwale. Ya ce matarsa ba ta rabuwa da lalle, kuma ita ke juya masa masu rai daga baho zuwa baho shekara ashirin, ko ɗaya bai taɓa yin tari ba. Sai ya daina dariyar ya ce, "Malam, ruwan wace rana ka ba su?"

Na ce rana ta yi, zan rasa keke. Ya cika min bokiti.

Talata, 28 ga Mayu

Na faɗa wa Madam. A tsaye na faɗa, ban yarda na zauna ba don kada na fasa. Ta daɗe tana juya biro. Ta ce kifi ba su dame ta ba, a Gubi akwai dubu. Ta ce, "Kwana goma sha ɗaya, Malam. Kana ganin yarinyar nan kullum." Ta miƙo hannu na ba ta makulli. Daga yau a ofishinta zai kwana, in zo in roƙa kowace safiya, maganar zango mai zuwa kuma ba ta yi min alkawari ba.

Aji ya fi wuya. Na ce musu ni na kashe kifin, na karya dokar da na koya musu, lalle bai yi komai ba, kuma duk wanda na sake jin sunan nan a bakinsa ni da shi ne. Wani ya yi ƙaramar dariya, aka zungure shi.

Bayan an tashi na tsayar da Zinariya, na ce ta yafe min. Ban taɓa faɗa wa ɗalibi haka ba, bakina har nauyi ya yi. Ta ce, "Ai na sani, Malam. Ran nan na dawo ɗaukar gorata, na gan ka da tiyo."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Da an rufe ɗakin."

Ta ɗauki jakarta ta tafi, yayanta na jiran ta a bakin ƙofa da babur.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ta shigo da rukuni na biyu. Ba ta sa hannu a ruwa ba, fatar ba ta gama warkewa ba, ko kuma dai ba wannan ne dalilin ba. Ban matsa mata ba. Lokacin canza ruwa ya yi, duro kuma tun Talata na cika shi. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji na ce ta duba mana. Ta leƙa, ta shinshina, ta ce da sauran wari kaɗan, a bari sai gobe.

A lissafina ya isa, ni ban ji warin komai ba. Na mayar da bokiti wurinsa, muka bari sai gobe.