Guntun Wuƙar Baba

Unguwar Maƙera, Gumel.

Zuwa ga ƙanena Habibullah,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka da sanyin ƙasar nan taku. Allah ya ƙara maka basira, ya tsare mana kai. Mu ma lafiya lau. Ƙanwarmu Ummulkhair ta tafi da Inna Kano saboda ciwon ƙafar Innar, yau wata biyu ke nan, ni kaɗai na rage a gidan. Tun rasuwar Baba babu mai buɗe maƙera, da hantsi har jira nake in ji ƙarar masaba. Wallahi kaɗaici yana damuna, ba zan ɓoye maka ba.

Saƙonka ya iso, sai da na karanta shi sau uku kafin na gane inda ka dosa. Ka ce a wurin aikinku akwai na'urar da ke harba ƙananan ƙwayoyin lantarki cikin ƙarfe, su warwatsu su fito ɗigo-ɗigo, daga nan ku gane yadda cikin ƙarfen yake jere kamar layin shuka, da inda duka ya matse shi ko ya miƙar da shi. Wai kana son ganin sawun hannun Baba a cikin wuƙar da ya ƙera ta ƙarshe, don haka in sa a yanko maka guntunta in aiko. Kai da ko zuga-zugi aka ce ka ja sai ka ce kanka na ciwo, yau kai ne mai binciken ƙira.

Da farko na ƙi a raina. Ka san da wuƙar nan nake yanka albasa da kuɓewa kullum, kuma ita kaɗai ce aikinsa da bai fita daga gidan nan ba. Kwana huɗu ina jujjuya ta. A na biyar na kai wa Malam Cindo, abokin ƙirar Baba, a rumfarsa ta bakin kasuwa. Kafin in gama bayani har ya kama ta da awartaki zai cusa a wuta, don a wurinsa haka ake yanka ƙarfe. Na riƙe hannunsa, na faɗa masa cewa kai ka gargaɗe ni wuta za ta goge abin da kake nema. Ya dube ni ya ce, "Ashe yaron ya san wani abu." Da zarto ya yanke tsinin a hankali, yana zuba ruwa. Da ya miƙo min na ga idonsa ya cika.

Guntun yana cikin wannan ambulan, na naɗe shi a auduga. Wuƙar tana ci har yanzu, sai dai ta zama guntuwa, hannuna bai saba ba tukuna. Ka rubuta cewa za ku goge shi har ya fi gashi siranta, don haka kada in sa rai zai dawo. Wannan na yarda, na bar maka. Amma shekara biyar ke nan rabonmu da kai, Habibullah, ko kabarin Baba ba ka gani ba. Kai kam ban yarda in cire rai ba.

Malam Cindo yana gaishe ka. Inna da Ummulkhair ma da muka yi waya sun ce in isar da gaisuwarsu. Ka rubuto min ranar da zan share ɗakinka.

Yayarka,
Tayyiba